Zuwa da Kai Ya Fi Saƙo: Darasi ga Matasa Daga Wani Littafin Ƙarƙashin Teku

Ya ku ƙannena da 'ya'yana masu son karatu, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninku, wadda nake so mu zauna mu dube ta da idon basira. Kafin ɗayanku ya buɗe littafi, sai ya fara neman abin da mutane suka ce a kansa: taurari nawa aka ba shi, wa ya yaba, wa ya kushe. In ya ga ana ta zuba masa yabo, sai ya shiga karatun da zuciyar da ta riga ta sallama. In kuwa ya ga an yi masa rubdugu, sai ya ajiye shi, har ma ya riƙa gaya wa abokansa cewa littafin banza ne, alhali bai karanta ko shafi ɗaya ba. Neman shawara ba laifi ba ne, domin matambayi ba ya ɓata. Laifin shi ne mutum ya miƙa wa taron da bai sani ba aikin da Allah ya ɗora wa hankalinsa. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, nauyin ra'ayin mai karatu daidai yake da nauyin hujjar da ya zo da ita, kuma hujja ba ta amfanar ku sai in za ku iya auna ta da kanku, ko a cikin littafin, ko a cikin duniyar da littafin yake magana a kanta. Zan kafa misali da littafi guda, wanda ya raba kan masu karatu fiye da yawancin littattafan zamaninsa.

Littafin shi ne Der Schwarm, na marubucin Jamus Frank Schätzing, haifaffen birnin Kolon a 1957. Ya fito da Jamusanci a 2004, fassararsa ta Turanci mai suna The Swarm ta biyo baya a 2006, kuma an sayar da miliyoyin kwafinsa a harsuna da dama. Ƙagaggen labari ne na kimiyya da fargaba, mai kusan shafi 1,000. Yana farawa ne da wani masunci a gaɓar ƙasar Peru da ya fita da ɗan kwalekwalensa bai dawo ba. Daga nan sai abubuwa su fara rikicewa a tekunan duniya. A yammacin Kanada, manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel, waɗanda masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su je kallo, suka juya suna farfasa jirage. A gaɓar Norwe, inda ake haƙo mai, aka gano miliyoyin wasu tsutsotsi suna cin gindin teku har ya zaftare, igiyar tsunami ta share garuruwan arewacin Turai. A Faransa abincin teku ya zo da guba, a gabashin Amurka rundunar ƙaguwa ta fito daga ruwa ɗauke da cuta. Wani masanin halittun ruwa ɗan Norwe, Sigur Johanson, da wani mai binciken wel ɗan asalin ƙabilar Inuit, Leon Anawak, da sauran masana suka fahimci cewa waɗannan masifu ba su zo a warwatse ba, akwai mai shirya su. Wata al'umma ce mai hankali da ta daɗe a ɓoye a can ƙasan teku tun kafin ɗan Adam, wadda Johanson ya laƙaba wa suna Yrr. Ba mutane ba ne, ba kifaye ba ne. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kowace ƙwayar halitta guda tal, amma in suka dunƙule sai su zama jiki ɗaya mai tunani da tuna baya. Ɓarnar da mutane ke yi wa teku ta ishe su, shi ya sa suka ɗaura yaƙi.

To, me masu karatu suka ce? Sun rabu gida biyu, kuma har yau ba su haɗu ba. Masu yabo suna cewa ba su taɓa karanta labarin da ya koya musu abubuwa da yawa haka ba, sun shiga ba su san komai game da teku ba, sun fito suna iya bayanin yadda igiyar ruwa ke tafiya da yadda ake haƙo mai a cikin zurfi. Masu kushe suna cewa marubucin ya cika tsayar da labari yana karantar da mutane kamar malamin jami'a, da an yanke sulusin littafin da ya fi daɗi. Ku lura da kyau: abu guda ne ɓangarorin biyu suke nunawa da yatsa. Shafukan bayanin kimiyyar da suka sa wani ya ba shi taurari biyar, su ne suka sa wani ya ba shi ɗaya. Ke nan tauraron bai gaya muku komai game da littafin ba, ya gaya muku irin mutumin da ya bayar da shi ne kawai. Saboda haka matakin farko na mai karatu mai hankali shi ne ya rarrabe maganganun da yake ji kashi uku. Akwai maganar ɗanɗano, kamar a ce "ya yi mini tsawo", wadda ba a gardama a kanta, don kowa da kiwon da ya karɓe shi. Akwai maganar gwaninta, kamar a ce mutanen cikin labarin ba su da rai, wadda ake aunawa da misali daga cikin littafin. Sannan akwai maganar gaskiya da ƙarya, kamar a ce abu kaza ba zai yiwu ba, ko abu kaza ya taɓa faruwa, wadda ake aunawa da ilimi. Yawancin rikicin masu karatu yana tasowa ne daga cakuɗa waɗannan ukun, inda mutum zai faɗi ɗanɗanonsa da muryar mai yanke hukunci.

Wani zai ce ai in mutum dubu suka haɗu a kan abu, da wuya su yi kuskure. An gwada wannan magana, kuma ba ta tsaya da ƙafarta ba. A 2006 wasu masana uku na Jami'ar Columbia da ke Amurka, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mutane fiye da 14,000. Sun ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba, su saurara su zaɓi wanda suke so. Wani rukuni ya yi zaɓinsa ba tare da ganin na kowa ba. Sauran aka raba su rukuni takwas, kowane mutum yana ganin yawan waɗanda suka zaɓi kowace waƙa kafin shi a cikin rukuninsa. Abin da ya fito shi ne, waƙar da ta yi zarra a wannan rukuni tana iya zama ta baya a wancan, alhali waƙoƙin ba su canza ba. Mafi kyawu ba su cika faɗuwa ƙasa warwas ba, mafi muni ba su cika hawa sama ba, amma duk abin da ke tsakani ya dogara ne ga wanda ya yi sa'ar samun magoya baya da wuri, sai na baya su bi yarima a sha kiɗa. Wani misalin ya fi wannan fitowa fili. A watan Yunin 2023 marubuciyar Amurka Elizabeth Gilbert ta dakatar da fitar da wani sabon littafinta bayan ɗaruruwan mutane sun ba shi tauraro ɗaya a shafin masu karatu na Goodreads, watanni kafin ranar fitowarsa. Dalilinsu shi ne an gina labarin a Rasha a lokacin da Rasha ke yaƙi da Ukraine. Ɓacin ransu na gaske ne, amma waɗannan taurari ba su faɗi komai game da rubutun ba, don ba wanda ya karanta shi. Yawan masu magana ba ya zama hujja sai in kowannensu ya gani da idonsa kafin ya ji ta bakin ɗan'uwansa.

Yanzu mu ɗauki maganar gaskiya da ƙarya, mu gwada ta a kan littafin Schätzing. Akwai masu karatun da suka ce duk abin da ke ciki shaci-faɗi ne, wai ina aka taɓa ganin tsutsa ta rusa gindin teku. Mai bincike zai gane sun yi gaggawa. A ƙasan teku, inda sanyi ya yi tsanani kuma nauyin ruwa ya yi yawa, iskar gas ta mitan tana haɗuwa da ruwa ta daskare ta zama kamar ƙanƙara. In aka fito da dunƙulenta sama aka kusanto da ashana, sai ka ga farar ƙanƙara tana ci da wuta, ruwa na ɗiga daga ƙasanta. Awo ɗaya na wannan ƙanƙara yana sakin gas kimanin awo 160 in ya narke. A 1997 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Charles Fisher sun gano tsutsotsi suna zaune a jikin irin wannan ƙanƙara a mashigin tekun Meziko, a zurfin da ya wuce mita 500. Zaftarewar gindin teku a gaɓar Norwe ita ma ta taɓa faruwa: kimanin shekara 8,200 da suka wuce, a wurin da ake kira Storegga, ƙasa ta zame ta tayar da igiyar da har yau ake ganin yashin da ta zubar a tsibiran Shetland, a tsayin da ya wuce mita 20 sama da matakin teku. Har ma wasu masanan da ke cikin labarin, irin su Gerhard Bohrmann da Erwin Suess, mutane ne na gaske da suka yi binciken teku a birnin Kiel. Mu kanmu a wannan yanki mun san abin da iskar da ruwa ya danne take yi in ta kuɓuce. A daren 21 ga Agustan 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya saki iskar da ta taru a ƙasansa, ta gangara cikin ƙauyuka ta kashe mutane fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Nau'in iskar daban ne, amma darasin ɗaya ne. Wanda ya ce littafin duk ƙarya ne, iyakar saninsa ya bayyana.

Sai dai masu cewa duk gaskiya ne sun fi waɗancan haɗari, don kuskurensu yana da daɗin ji. Gwanintar irin wannan marubuci ita ce ya jera maka tubali tara na gaskiya, sannan ya ɗora na goma na ƙirƙira, ba tare da ka ji inda aka sauya ba. Tsutsotsin da aka gano a 1997 suna nan, amma ba runduna ba ce da wani ya aiko, kuma irin waɗanda ke cikin labarin, masu manyan muƙamuƙai da aka tsara don su rusa gindin teku, marubucin ne ya ƙera su. Gaskiya ne ƙananan halittu suna iya aiki tare ta hanya mai ban mamaki. Bakteriya suna sakin sinadarai da suke gane yawansu da su, har wasu na cikin teku ba sa ba da haske sai sun taru da yawa. A shekara ta 2000 wani masani ɗan Japan, Toshiyuki Nakagaki, ya nuna cewa wata halitta mai yauƙi da ke yaɗuwa a kan ruɓaɓɓen itace, wadda ba ta da ƙwaƙwalwa ko kaɗan, tana iya gano hanya mafi gajarta zuwa abinci a cikin rikitaccen lungu. Amma tsakanin gano hanyar abinci da shirya yaƙi a nahiyoyi biyar akwai tazara mai nisan gaske, kuma tunanin marubuci ne kaɗai ya tsallake ta. Babu wata shaida da aka taɓa samu ta al'umma mai hankali a ƙasan teku. Da dabbobin tekun da ake kira orka suka fara dukan sitiyarin ƙananan jirage a gaɓar Sifaniya da Fotugal tun daga 2020, har wasu jiragen suka nitse, mutane da yawa sun ce ga abin da littafin ya faɗa ya tabbata, teku ta fara ramuwa. Masu nazarin waɗannan dabbobi kuwa, waɗanda suka san cewa garken bai kai 50 ba, galibinsu sun fi karkata ga cewa wasa ne da ƙananan cikinsu suka koya daga juna.

Hujjar da aka fi kawowa a nan ita ce: tun da ba mu san abin da ke ƙasan teku ba, wa zai ce babu? Rabin maganar gaskiya ne. Hasken rana yana raunana sosai bayan mita 200, kuma bayan mita 1,000 duhu ne ɗungurungum. Kowace mita 10 da ka nitse, nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Sai a watan Janairun 1960 mutum ya fara isa wuri mafi zurfi, kusan mita 11,000 a tekun Fasifik, lokacin da Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka a cikin jirgin Trieste. Har zuwa 'yan shekarun nan, kimanin rubu'in ƙasan teku ne kawai aka zana taswirarsa dalla-dalla. Kuma teku ta sha ba masana mamaki: a 1977 an gano maɓuɓɓugan ruwan zafi kusa da tsibiran Galapagos, kewaye da halittun da ke rayuwa ba tare da dogaro da hasken rana ba, abin da ba wanda ya zata. Duk wannan yana koya mana tawali'u. Abin da ba ya yi shi ne ya zama shaidar wani abu takamaimai. Rashin sanin abin da ke cikin ɗaki a kulle ba ya tabbatar da cewa zinariya ce a ciki. A 2012 tashar Animal Planet ta nuna wani shiri da aka tsara kamar binciken gaske, yana cewa an gano gawar 'yan ruwa, alhali 'yan wasa ne suka fito a matsayin masana. Mutane da yawa suka gaskata, har sai da hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta fito ta bayyana cewa ba a taɓa samun shaidar irin waɗannan halittu ba. Matashin da bai koyi gano inda gaskiya ta tsaya ƙirƙira ta fara ba a cikin littafin da ya faɗa masa a bango cewa ƙagagge ne, yaya zai yi da bidiyon da aka turo masa a waya ana rantsuwa cewa gaskiya ne?

Game da gwaninta kuwa, adalci ya wajaba a ce masu kushe suna da abin faɗa. Da yawa sun yi ƙorafin cewa wasu mutanen labarin an zana su da launi ɗaya, musamman Janar Judith Li, kwamandar Amurka, da jami'in leƙen asirin da ke tare da ita, waɗanda aka nuna ba su san komai ba sai ƙarfi da makirci. Wasu sun ce hirarrakin masanan sukan koma lacca, wasu kuma sun ce ƙarshen ya ja da yawa. Waɗannan maganganu ne masu amfani, domin sun nuna wuri, kuma kuna iya buɗe littafin ku duba ko haka ne. Kuna iya yarda, kuna iya cewa a'a, tafiyar da Anawak ya yi zuwa ƙasar iyayensa a arewacin Kanada ta nuna marubucin ya iya gina mutum mai zurfi in ya so. Ko ta wane ɓangare kuka tsaya, kun tsaya ne da ƙafafunku. Ku kuma sani cewa ko masu babban suna ra'ayinsu ra'ayi ne. Da tashar ZDF ta Jamus ta mai da littafin fim mai kashi takwas a 2023, Schätzing da kansa ya fito fili ya nesanta kansa da shi, ya soke shi a jarida. Wasu masu kallo sun goyi bayansa, wasu sun ji daɗin fim ɗin. Maganar marubuci a kan aikin da aka ciro daga littafinsa tana da nauyi, amma ita ma sai an tambaye ta dalili.

Na san abin da wasunku za su ce: lokaci kaɗan ne, littattafai sun yi yawa, kuɗin data ma ba ya isa, in ba mu dogara da ra'ayin wasu ba yaya za mu zaɓa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ban ce ku toshe kunnuwanku ba. Ku dubi mai sayen sa a kara. Yana sauraron dillalai, yana jin mai cewa lafiyayye ne da mai cewa ya tsufa, amma kafin ya ƙirga kuɗi sai ya buɗe bakin san ya dubi haƙora, ya shafa tozo, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Haka za ku yi da littafi. Ku bar adadin taurari, ku nemi mutum biyu ko uku da suka yi dogon bayani, ɗaya daga masu yabo, ɗaya daga masu kushe. Ku duba ko sun ambaci abin da ke tsakiya da ƙarshen littafin, don wannan ne ke nuna sun karanta. Ku tambayi kanku ko abin da ya dame su zai dame ku, domin mai son ilimin teku zai iya ɗaukar kukan "kimiyya ta yi yawa" a matsayin albishir. Sannan ku karanta shafi 50 na farko da kanku. Awa ɗaya ko biyu ne, kuma abin da za ku sani bayansu ya fi abin da ra'ayi ɗari za su gaya muku, don gani ya kori ji.

Wasu kuma, musamman daga cikin iyaye da malamai masu kyakkyawar niyya, za su ce me ya kai yaro ɓata lokaci a kan labarin da kowa ya san ba a yi ba. Ina girmama damuwarsu, don akwai littattafan da ba su da abin ba mutum sai ɓata tarbiyya, kuma karatun nishaɗi bai kamata ya ture karatun addini da na makaranta ba. Amma ƙagaggen labari ba yaudara ba ne matuƙar ya bayyana kansa. Tun 1934 Hausawa ke karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ba wanda ya ɗauki goransa ya tafi neman ruwan, amma an koyi harshe da hikima da sanin halin mutane. Labarin kimiyya yana ƙara wani abu a kan wannan, wato yana cusa wa yaro sha'awar sanin yadda halittar Allah take aiki. Kuma irin wannan sani yakan ceci rai. Littafin Schätzing ya yi dogon bayanin yadda tsunami ke tasowa watanni kafin ranar 26 ga Disamban 2004, lokacin da girgizar ƙasa a gaɓar Sumatra ta tayar da igiyar da ta kashe kimanin mutum 230,000 a kewayen tekun Indiya. A wannan rana, a wani bakin teku a tsibirin Phuket na Tailan, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10, Tilly Smith, ta ga ruwa yana kumfa yana canza hali, ta tuna darasin da aka koya musu a aji makonni biyu kafin nan, ta matsa wa iyayenta har aka kwashe mutane kusan 100 daga wurin. Ita a makaranta ta samu nata sanin, wani kuma a littafin labari zai fara cin karo da shi. Ƙofar da ilimi ya shigo ba ita ce abin dubawa ba, matuƙar an tantance shi.

Akwai kuma mai cewa mu da muke Kano ko Zinder ko Sakkwato, ɗaruruwan kilomita daga gaɓa, ina ruwanmu da ƙasan teku? Ruwanmu da shi ya fi yadda muke zato. Damina da manomi ke jira tana zuwa ne a kan iskar da ke ɗauko laima daga tekun Atlantika, kuma masana yanayi sun danganta farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 da sauyin zafin ruwan tekuna. Wayar da ke hannunku ma da ƙasan teku take magana. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance a gindin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen yammacin Afirka, harkokin bankuna suka tsaya cik ga mutane da yawa. Kamfanin MainOne, mai ɗaya daga cikin wayoyin, ya danganta abin da motsin ƙasa a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya karanta yadda zaftarewar gindin teku ta tsinke hanyoyin sadarwa a cikin labarin Schätzing, ya kuma bincika ya san wane ɓangare ne gaskiya, ya fi saurin fahimtar abin da ya faru a wannan rana fiye da wanda ya tsaya jiran ji-ta-ji-ta.

Abu na ƙarshe, ku tuna cewa ku ma masu ba da ra'ayi ne. Kullum kuna tattauna littattafan Hausa da kuke karantawa a waya, kuna ɗaga wani marubuci kuna kayar da wani, kuma akwai ƙanana da ke bin abin da kuka ce. Ra'ayi amana ne, shaida ce da za a tambaye ku a kanta. Kada ku yanke hukunci a kan littafin da ba ku gama ba sai kun faɗi inda kuka tsaya. Kada ku kushe aiki don kuna jin haushin mai shi, kada ku yabe shi don ɗan garinku ne ko don kowa yana yabo. In abin ɗanɗano ne, ku ce ni bai yi mini ba. In na gwaninta ne, ku nuna babi da wurin. In na gaskiya da ƙarya ne, ku bincika kafin ku buɗe baki, ku kuma yarda a gyara muku. Masu sha'awar rubutu a cikinku su ɗauki darasi daga wannan marubucin na Kolon, wanda ya zauna da masana ya yi bincike mai yawa kafin ya rubuta labarinsa, har abin da ya tara ya ishe shi fitar da wani littafin ilimi a kan teku a 2006. Tafkin Chadi da kogin Kwara da hamadar da ke arewa da mu cike suke da abubuwan da za a gina irin waɗannan labarai a kansu da harshen Hausa, in an samu masu haƙurin bincike. Ku karanta da yawa, ku saurari kowa, ku nemi hujja a wurin kowa, sannan ku yanke hukunci da hankalinku. Allah ya ƙara muku basira, ya sa karatunku ya amfane ku ya amfani al'umma.